Yini Guda a Ƙafa Cikin Kurmin Jan Itace na Kalifoniya



Abin da zan yi magana a kansa yau wani kurmi ne da ke gaɓar yammacin Amurka, a arewacin Jihar Kalifoniya, inda itatuwan da suka fi kowane itace tsawo a duniya suke tsaye. Masu jin Ingilishi suna kiran itacen redwud, watau jan itace, saboda launin cikinsa, kuma da wannan suna zan riƙa kiransa. Turawan Sifaniya da suka fara rubuta labarinsa a 1769, cikin ayarin Gaspar de Portola, su ma jan itace suka ce masa da harshensu. Masana tsirrai kuwa suna kiransa Sequoia sempervirens. Kalma ta biyu ma'anarta a Latin ita ce mai ɗanyen ganye kullum. Kada a rikita shi da ɗan'uwansa na duwatsun Sierra Nevada, wanda ya fi shi kauri da nauyi amma bai kai shi tsawo ba.

Jan itace ba ya tsirowa da kansa sai a wani siririn zirin ƙasa a bakin Tekun Pasifik, mai tsawon kilomita 720 ko ɗan fiye, daga kudancin Jihar Oregon zuwa yankin Big Sur, kudu da San Faransisko. Kafin neman zinariya ya kwararo da Turawa a 1849, kurmin ya rufe eka kusan miliyan 2. Abin da ya rage yau, wanda gatari bai taɓa shiga ba, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Yadda wannan itace yake rayuwa, da yadda aka kusa ƙarar da shi cikin shekara ɗari da 'yan kai, su ne jigon wannan lacca. Maimakon in jera muku alƙaluma, na ga ya fi kyau mu bi sawun mai tafiya a ƙafa daga safe zuwa yamma, mu tsaya duk inda abin da ido ya gani ke neman bayani.

Mafarin tafiya

Hanyar da za mu bi tana cikin gandun Prairie Creek, kusa da ƙauyen Orick a gundumar Humboldt, wajen kilomita 500 arewa da San Faransisko. Ana tashi daga ofishin baƙi na gandun, a bi turbar James Irvine zuwa bakin teku, sa'an nan a komo ta turbar Miner's Ridge. Zagayen duka ya kusa kilomita 19, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan ci sa'a 6 zuwa 8.

A mafarin akwai wani fili mai ciyawa inda garken elk ke kiwo. Elk dabba ce dangin barewa amma da girman doki, namijin da ƙaho rassa-rassa. Sun saba ganin mutane, sai dai sabon bai sa sun zama na gida ba. Uwa mai ɗan jariri a watan Mayu da Yuni, da namiji lokacin barbara a Satumba da Oktoba, ba a matsa musu. Daga filin nan taku kaɗan ne mutum ya shige ƙarƙashin itatuwa, nan take haske ya ragu kamar an saki labule, sanyi ya sauko, ƙarar takalmi ta ɓace, domin ƙasan duk tarin ruɓaɓɓen ganye ne mai laushi. Baƙo yakan fara da ɗaga kai sama, wuyansa ya gaji bai ga ƙarshen itace ba. Reshen farko na babban jan itace yakan fito ne a inda dogon giginya ya riga ya ƙare da daɗewa.

Ruwa da tsawo

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce: ina wannan ƙaton abu yake samun ruwa? Ruwan sama a yankin yana da yawa, daga milimita 1,500 zuwa 3,500 a shekara, amma daminarsu ta saɓa da tamu. Ruwan yana zuwa ne da sanyi, daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rana ta fi tsawo kuma itace ya fi bukatar sha, da ƙyar ake samun yayyafi. Kukarmu ta warware irin wannan matsala ta hanyar tara ruwa a cikinta da kakkaɓe ganye da rani. Jan itace ba ya kakkaɓe ganye. Abin da ya dogara a kai shi ne hazo.

Hazon da nake nufi na ruwa ne, ba irin ƙurar hunturu da muka sani ba. Tekun da ke gaɓar Kalifoniya yana da sanyi ƙwarai, saboda igiyar ruwa da ke gangarowa daga arewa da kuma ruwan ƙarƙashi da iska ke tasowa da shi sama. Iska mai laima in ta ratsa kan wannan ruwa sai laimarta ta daskare ta zama gajimare a ƙasa-ƙasa. Can cikin ƙasa kuma kwaruruka sun ɗau zafi, iskarsu ta tashi sama, sai ta jawo gajimaren ya shigo tudu ta cikin itatuwa. Ganyen jan itace sirara ne jere-jere kamar haƙoran mataji. Hazon ya maƙale a jikinsu, ya taru, ya ɗigo. Saboda haka mai tafiya a watan Agusta yakan ji ɗigon ruwa a kafaɗarsa alhali ba hadari. Binciken da Todd Dawson na Jami'ar Kalifoniya ya buga a 1998 ya nuna kusan sulusin ruwan da ke shiga irin wannan kurmi a shekara daga hazo yake. Daga baya kuma aka tabbatar cewa ganyen yana shan wani sashe na ruwan kai tsaye, ba sai ya bi ta saiwa ba. Inda aka sare manyan itatuwa, ɗigon yakan ragu ƙwarai, domin babu abin da zai tare hazon. Watau kurmin da kansa yake tatsar wani kaso na ruwan da yake sha, kuma ƙananan tsirrai da rafuffuka suna cin albarkacinsa.

Samun ruwa daban, kai shi sama daban. Duk wanda ya yi aiki da famfon tsotso ya san ba ya ɗaga ruwa fiye da mita 10, komai kyawunsa. To ga itace mai mita 100 da ɗoriya, ba inji, ba zuciya mai bugawa. Yadda abin ke faruwa shi ne, a jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu ya bi iska. Cikin itacen kuma akwai jijiyoyi sirara waɗanda ido ba ya gani, cike da ruwa tun daga saiwa har ganye. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna, saboda haka duk ɗigon da ya fita a sama sai ya ja na bayansa, na bayan ya ja na bayansa, kamar igiyar guga. Rana ce mai jan igiyar. Amma gwargwadon tsawon igiya gwargwadon nauyinta, kuma in jan ya yi tsanani iska takan kutsa cikin jijiya, zaren ruwan ya tsinke. Shi ya sa ganyen ƙololuwa ƙanana ne, a matse kamar ɓawon kifi, ba su da kama da faffaɗan jerin da ke ƙasa. Wanda aka nuna wa su dabam-dabam zai rantse itace biyu ne. A 2004 George Koch da Stephen Sillett da abokan aikinsu, bayan sun hau itatuwa mafiya tsawo sun yi awo, suka ƙiyasta cewa iyakar tsawon da jan itace zai iya kaiwa yana tsakanin mita 122 da 130. Wanda ya fi kowanne tsawo da aka sani, mai suna Hyperion, an gano shi a 2006, kuma ya kai kimanin mita 116. Da za a kwantar da shi a filin ƙwallon ƙafa, sai ya wuce daga raga zuwa raga.

A nan ne damuwar masana take. Wani nazari da James Johnstone da Dawson suka buga a 2010 ya nuna hazon bazara ya ragu da kusan sulusi in an gwada da farkon ƙarni na 20. Sai dai lamarin bai miƙe sak ba, domin awon zoben shekara na itatuwa da yawa ya nuna sun ƙara saurin girma tun daga shekarun 1970, wataƙila saboda raguwar hazo ta ƙara musu hasken rana. A arewa inda ruwa ya wadata wannan riba ce. A kudancin zirin, inda fari ya fi tsanani, lissafin dabam ne.

Wuta, saiwa da mutuwa

Bayan sa'a ɗaya ko biyu ana bin rafin Godwood, ido yakan saba da tsawo ya fara lura da gindi. Abin da zai fara gani shi ne baƙin gawayi a jikin itatuwa da yawa, wasu ma wuta ta rarake gindinsu har mutum goma su shiga su tsaya, amma saman yana nan kore shar. Turawan farko sukan tsare agwaginsu a irin waɗannan koguna. Ɓawon babban jan itace yakan kai kaurin santimita 30, sakakke kamar tabarma, kuma ba shi da ƙaro mai kama wuta irin na sauran danginsa. Jan launin nan kuwa na sinadarin tanin ne, shi ne dai abin da majema ke nema a cikin bagaruwa. Tanin ke hana ƙwari da ruɓa cin itacen. Da wannan kariya yakan rayu shekara 500 zuwa 1,000 ba wani abin mamaki, kuma an ƙirga zoben wasu sun haura 2,000.

An ga gwajin wannan a watan Agusta na 2020, sa'ad da tsawa ta tada gobarar da ta cinye kashi 97 cikin 100 na gandun Big Basin, wanda aka kafa tun 1902. Gine-ginen gandun sun ƙone ƙurmus. Mafi yawan manyan itatuwan kuwa suka rayu, bayan 'yan watanni jikinsu ya rufe da sabon toho tun daga gindi har sama. Masu bincike suka tarar tohon ya ci abinci ne daga sukarin da itacen ya adana, wanda wani sashensa ya haura shekara 50 a ajiye.

Rauninsa a ƙasa yake. Duk tsawon nan, jan itace ba shi da doguwar saiwa mai nutsewa. Saiwoyinsa ba su cika wuce zurfin mita 3 ko 4 ba, sai dai suna bazuwa gefe mita 20 zuwa 30, suna sarƙewa da na maƙwabta. In damina ta jiƙa ƙasa ta yi laushi, iska mai ƙarfi ta zo, sai ƙato ya kife. Mafi yawansu haka suke mutuwa. A watan Maris na 1991 wani da ake kira Dyerville Giant, wanda ya haura mita 110, ya faɗi a gandun Humboldt, har wani mazaunin yankin ya zaci jirgin ƙasa ne ya yi haɗari. Gungumen da ya faɗi yakan shekara ɗaruruwa kafin ya ruɓe, kuma a kan turba za a ga inda aka yanke tsakiyar irinsu don a sami hanya, mutum ya wuce tsakanin bango biyu na itace da suka fi shi tsawo. A bayan gungumen ƙananan itatuwa ke tsirowa a jere, katantanwa marar kwanso mai launin ayaba tana bi tana cin ruɓaɓɓen ganye.

Irin jan itace bai fi na tumatir girma ba, kuma kaɗan ne daga ciki ke tsirowa. Hanyar da ya fi dogara da ita ita ce toho. A gindinsa akwai wani ƙulli mai ɗauke da dubban idanu a kwance. In uwar ta ƙone ko ta karye ko an sare ta, sai idanun su farka su tsiro a kan tsohuwar saiwa. Shi ya sa za a ga itatuwa biyar ko goma sun yi da'ira, tsakiyarsu fili, inda uwar ta tsaya a dā. Saboda haka shekarun da aka ƙirga a gangar itace ba lalle su ne shekarun saiwarsa ba.

Abin da ke sama

Akwai sashen kurmin da mai tafiya ba zai gani ba ko kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 masana irin su Sillett suka fara hawa da igiya, suka tarar da wata duniya. Ganyen da ya zuba shekara da shekaru a kan manyan rassa ya ruɓe ya zama ƙasa mai kauri, tsirrai sun kafu a kai, har da ƙananan itatuwa masu 'ya'ya, da wata halitta dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare wadda kan iya ƙare rayuwarta ba ta taɓa sauka ba.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsun teku, marbled murrelet, wanda ya daɗe yana ba masana wuya. Suna ganinsa yana kamun kifi, amma ba wanda ya san inda yake ƙwai, sai a 1974 wani mai gyaran itatuwa ya ci karo da sheƙarsa a kan reshe a Big Basin. Ƙwai ɗaya tak yake yi, a kan gansakukan faffaɗan reshe, irin reshen da sai tsohon itace ke da shi. Abokan gabansa hankaki da danginsa ne, waɗanda ke yawaita duk inda mutane ke zubar da abinci. Don haka ma'aikatan gandun suke matsa wa baƙi kada su bar ko ɓarɓashin burodi inda suka ci abincin rana. Ga wanda bai san dalili ba, sai ya ɗauka tsabar fitina ce irin ta ma'aikata.

Bakin teku

Da turba ta haye ɗan tudu ta fara gangara, sai jan itace ya soma ja da baya, domin ba ya jure iska mai gishiri. Wasu itatuwa dabam ke tsaye tsakaninsa da teku kamar katanga. Wajen azahar ake isa Fern Canyon, wani matsattsen kwazazzabo da rafin Home Creek ya haƙa, bangonsa mita 15 zuwa sama da 20 a miƙe, lulluɓe da wani tsiro marar fure mai ganye kamar gashin jimina, ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. Dole ƙafa ta jiƙe. A nan aka ɗauki wani sashe na fim ɗin The Lost World: Jurassic Park na 1997, abin da ya jawo wa wurin taron da ya fi ƙarfinsa.

Daga bakin kwazazzabon sai rairayin Gold Bluffs. A 1850 aka ga zinariya a cikin yashin nan, mutane suka yo ca, amma ta yi laushi ƙwarai, wanke ta bai cika biyan wahala ba. Waɗanda suka biya farashin su ne masu ƙasar. Wannan yanki na kabilar Yurok ne, mutanen Kogin Klamath, waɗanda suka zauna nan shekaru dubbai. Da allunan jan itace suke gina ɗakunansu, galibi daga wanda ya faɗi da kansa, kuma da shi suke sassaƙa kwalekwale, su fitar masa da zuciya da huhu da ƙoda a ciki, domin a wurinsu mai rai ne. Su ne kuma suke sa wa filayen tudu wuta da lissafi don kada daji ya cinye su. Mutanen asali na Kalifoniya sun kai kimanin 150,000 a tsakiyar shekarun 1840. Zuwa shekarun 1870 sun koma wajen 30,000, saboda kisa da cuta da yunwa da kora. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara a madadin jihar, ya kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi. Ya kamata duk mai cewa wannan kurmi hannun mutum bai taɓa shi ba ya gyara maganarsa: gatarin kamfani ne bai taɓa shi ba. Yurok suna nan har yau, su ne kabilar asali mafi yawan jama'a a jihar. A 2022 suka jagoranci mayar da kondo, wata ƙatuwar ungulu mai faɗin fiffike kusan mita 3, sararin da ta ɓace daga cikinsa fiye da shekara 100, kuma suna cikin waɗanda fafutukarsu ta sa aka rushe madatsun ruwa huɗu na Klamath, aikin da aka kammala a 2024 don kifin salmon ya sami hanya.

Yadda aka sare, da yadda aka tsare

Bayan ɗan tafiya a bakin teku sai a kama turbar Miner's Ridge, wadda ta bi tsohuwar hanyar masu haƙar zinariya, a fara hawa. Nan ne gajiya ke kama gwiwa, kuma nan ya dace a yi tambayar da ta fi shafar ma'aikatan gwamnati: yaya aka yi dukiyar jama'a mai wannan girma ta salwanta?

Tanin ɗin da ya kare itacen daga ƙwari shi ya jawo masa ɗan Adam, domin katakon da ba ya ruɓa kowa na so. A 1878 Majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar sayen eka 160 na dajin gwamnati a kan dala 2 da rabi kowace eka, da sharaɗin don amfanin kansa ne. Sai kamfanoni suka riƙa kwaso matuƙan jiragen ruwa daga masaukansu a garin Eureka, a kai su ofishin ƙasa su sa hannu, a ba su ɗan abin shan shayi, su miƙa takardar. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin rabon filaye ba sai an fassara masa wannan dabara ba. Da farko girman itacen ya ɗan kare shi, don masu sara biyu sukan kwana da yawa a kan guda, suna tsaye bisa allunan da suka soke a jikinsa, sa'an nan a ja gungumen da shanu. A 1881 John Dolbeer ya ƙera injin tururi mai jan gungume. Girgizar ƙasa da gobarar San Faransisko ta 1906 suka ƙara bukatar katako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zarto mai inji da katafila suka shigo, aikin mako ya koma na sa'a guda.

A 1918 John Merriam da Henry Fairfield Osborn da Madison Grant suka kafa ƙungiyar ceton jan itace, Save the Redwoods League. Dabararsu ita ce su karɓi kuɗi daga attajirai su sayi kurmi, gwamnatin jiha ta ƙara kwatankwacinsa, a sa wa wurin sunan mai bayarwa ko wani mamacinsa. Allunan sunaye da mai tafiya ke gani a gefen turba asalinsu ke nan, kuma da haka aka kafa Prairie Creek a shekarun 1920. John D. Rockefeller ƙarami shi kaɗai ya ba da dala miliyan 2. Ba za a ɓoye ba, Grant shi ne marubucin wani littafi na 1916 mai ɗaukaka farar fata a kan sauran jinsuna, wanda 'yan Nazi suka yi na'am da shi. A 2021 hukumar gandayen jihar ta cire dutsen tunawa da shi daga Prairie Creek. Itatuwan da ya taimaka aka saya suna nan tsaye, kuma a ganina faɗin duka biyun ya fi a zaɓi ɗaya.

Sayen kurmi gutsure-gutsure yana da aibi, kuma ambaliyar 1955 ta fallasa shi. An tsare itatuwan kwarin Bull Creek, amma an aske tuddan da ke samansu. Ruwa ya kwaso tsakuwa da laka ya kayar da ɗaruruwan manyan itatuwa da aka riga aka biya kuɗinsu. Duk da haka, sa'ad da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kafa gandun tarayya na Redwood ranar 2 ga Oktoba 1968, an maimaita kuskuren: a gefen rafin Redwood Creek wani siririn ziri kawai aka tsare, kamfanoni suka ci gaba da sara a samansa. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ƙara eka 48,000, mafi yawansu an riga an aske su. Hyperion yana cikin wannan ƙari, kuma saran ya iso dab da shi.

Ma'aikatan katako ba su yarda ba. A 1977 suka yi jerin gwanon manyan motoci har Washington, ɗauke da wani ƙaton gungume da suka sassaƙa da siffar gyaɗa, don yi wa Carter manomin gyaɗa shaguɓe. Dokar 1978 ta tanadi diyya ga waɗanda suka rasa aiki, amma masu yawon buɗe ido da aka yi wa Orick alkawari ba su cike gurbin injinan katako ba, garin ya tsiyace. Gaskiya ne da an ci gaba da saran, 'yan shekaru kaɗan itacen zai ƙare aikin ya tafi duk da haka. Sai dai wannan hujja ta fi daɗin faɗi a zauren lacca bisa ga a gidan wanda aka sallama. UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, kuma tun 1994 ake gudanar da shi tare da gandayen jiha uku, jimlar eka kusan 139,000, inda kusan rabin tsohon kurmin da ya rage yake.

Komowa

Cikin kurmi duhu yakan riga faɗuwar rana, don haka mai lura ba ya shiga wannan tafiya ba tocila, ba rigar ruwa, kuma ba ya dogara da wayar hannu, domin sau da yawa ba ta kamawa. Ba ya kuma barin turba. Saiwar da ke shan ruwa tana dab da saman ƙasa, kuma tattaki yana daddanne ta. Da aka bazu da labarin inda Hyperion yake a intanet, masu zuwa ɗaukar hoto suka tattake gindinsa har tsirrai suka mutu. A 2022 hukuma ta rufe wurin, ta sa tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata 6. A wani kurmin da ake kira Grove of Titans kuwa, gadar ƙarfe aka shimfiɗa sama da ƙasa don ƙafa ta daina taɓa saiwa.

Aikin da ya fi girma yana wajen tsohon kurmi, a filayen da aka aske. Bayan sara, kamfanoni sun watsa iri daga jirgin sama, galibi na wani itace dabam mai saurin girma, sai dajin ya taso a cunkushe, sirara-sirara, ƙasansa duhu ba tsiro. Tsofaffin hanyoyin katafila kuma suna zaizayewa suna cika rafuffuka da laka. A 2018 hukumar gandayen tarayya da ta jiha da ƙungiyar nan ta 1918 suka haɗu a wani shiri mai suna Redwoods Rising, don gyara eka fiye da 70,000. Ana tone tsofaffin hanyoyi a mayar da gangaren yadda yake, ana kuma rage itatuwa don jan itacen da aka bari ya sami haske da ruwa. Saboda haka wanda ya fito daga turbar Miner's Ridge da yamma ya hau babbar hanya, yana iya cin karo da mota ɗauke da gungume tana fitowa daga cikin gandun, da izinin hukuma, kuma kuɗin katakon yana komawa cikin aikin gyaran.